Amsa kan sakamakon TP53 a gwajin ƙari

Wa'alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba Mama lafiya. Kin ce an gwada ƙarin da aka cire mata a nono an ga sauyi a ƙwayar gadon TP53, kina tambaya ko ke da 'ya'yanki kun gada. Wannan sakamakon shi kaɗai bai nuna haka ba.

TP53 tana kan kuromosom na 17, ita ke ba da umarnin haɗa furotin p53, wanda aikinsa kunna wasu ƙwayoyin gadon. Idan DNA ta samu rauni, sai ya kunna p21 ta dakatar da rabuwar ƙwayar halitta har a gyara. In ɓarnar ta fi ƙarfin gyara, sai ya kunna PUMA da BAX, ƙwayar ta kashe kanta. Furotin p53 guda huɗu suke haɗuwa kafin su kama DNA, shi ya sa gurɓatacce ɗaya kan raunana sauran.

Kusan rabin cututtukan daji suna ɗauke da wannan sauyi, amma a yawancinsu cikin ƙarin kaɗai ya faru, ba ya wucewa ga 'ya'ya. Wanda ake gada shi ne wanda mutum ya zo da shi tun haihuwa, wato ciwon Li-Fraumeni, da aka bayyana a 1969 aka danganta shi da TP53 a 1990. A nan kowane ɗa yana da yiwuwar kashi 50 cikin 100.

Ki duba tarihin dangi: dajin nono kafin shekara 31, dajin ƙashi ko tsoka, ƙarin ƙwaƙwalwa, ko dajin glandar da ke saman ƙoda a ƙaramin yaro. Rashin wannan tarihi bai kore shi gaba ɗaya ba, don yakan fara daga mutum ɗaya.

Mama ya kamata a fara yi wa gwajin jini, ba ke ba. Ga inda ake kuskure: tsoho ko wanda ya sha kemo, jininsa na iya nuna sauyin da a ɓargo kawai ya tsiro, ba na gado ba. In adadin DNA mai ɗauke da sauyin a jinin ya gaza rabi sosai, a tabbatar ta hanyar gwada ɗan yankin fata.

Idan ya tabbata na gado ne, ana yi wa mai ɗauke da sauyin MRI (hoton cikin jiki da na'urar maganaɗisu) na dukkan jiki duk shekara, mata kuma na nono daga shekara 20, yara hoton ciki duk wata 3 zuwa 4. A sanar da likitanta kafin gashi, wato ƙona daji da haske mai ƙarfi (radiotherapy), domin haskensa na iya haddasa sabon daji ga masu wannan ciwo, kuma hakan kan sauya irin tiyatar da za a zaɓa.