Tun daren harin ɗana ya daina riƙe karatu

Tambaya: Likita, ɗana yana da shekara 13. Kafin 'yan bindiga su shigo ƙauyenmu bara ya haddace izu goma sha biyu, a boko ma ba a barinsa a baya. Yanzu mun koma cikin gari wajen dangi. In an aike shi sai ya dawo ya ce ya manta abin da aka ce ya sayo, hadda kuma ta zube. Ga firgita cikin dare. Amma daren harin yana tuna shi kamar jiya. Wani mai kemis ya ba mu ƙwayar barci, yana sha kusan wata biyu. Ƙwaƙwalwarsa ta lalace ke nan? Wata uwa daga jihar Katsina.

Amsa: Hajiya, Allah ya ba shi lafiya, ya kiyaye gaba. Ki kwantar da hankalinki, abin da kika faɗa bai nuna ƙwaƙwalwa ta lalace ba. Ya fi kama da ciwon firgici da ke biyo bayan mummunan lamari, wanda muke kira PTSD idan alamun suka wuce wata guda. Hankalin yaron har yanzu gadi yake yi. Ƙarar babur, bugun ƙofa, duk yana sauraro. Saƙon da kika ba shi bai ma shiga ba, balle ya manta shi. Sinadaran tsoro irin su kotisol suna ƙarfafa tunawa da daren harin, su kuma hana sashen da ke adana sabon karatu yin aikinsa yadda ya kamata. Ga rashin barci, alhali cikin barci ne abin da aka koya da rana yake zaunawa.

Abin da ya fi tayar mini da hankali a wasiƙarki ƙwayar nan ce. Kullum sai mun ga irin wannan a asibiti. Mutane sun ɗauka in yaro ya yi shiru ya kwanta, to ya samu sauƙi. Ba haka ba ne. Galibi abin da masu kemis ke miƙawa shi ne diazepam, wadda samari ke kira D5, kuma ɗaya daga cikin sanannun illolinta shi ne hana mutum adana sabon abu. 'Yar uwarta midazolam ma a ɗakin tiyata ake ba da ita, har da nufin kada majiyyaci ya tuna abin da aka yi masa. To ka ɗauki yaron da ke fama da mantuwa ka ɗura masa wannan kowane dare, kamar allo ne ake rubutawa da rana a wanke da dare, sannan a ce yaro ya zama daƙiƙi. Tun 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin kada a ba yara ko manya irin wannan magani don firgici ko rashin barci a watan farko bayan mummunan lamari. Kuma ba ta warkar da PTSD, sai dai jiki ya saba da ita. Mai kemis ɗin ya duba yaron? Ya tambayi ko an buge shi a ka daren nan? Ya auna nauyinsa? Kuɗi ya karɓa, ya ƙirga ƙwaya a takarda. Gobe in yaro ya kamu da shaye-shaye, iyaye za a zaga, shi kuwa yana shagonsa.

Amma kada ki yanke masa ita yau-yau. Bayan wata biyu, dainawa farat ɗaya na iya jawo jijjiga. Ki ɗauki sauran ƙwayar ki kai wa likita, shi zai rage ta a hankali.

Ku je sashen ƙwaƙwalwa na asibitin koyarwa mafi kusa, ko asibitin Dawanau a Kano, na Barnawa a Kaduna, ko na Kware a Sakkwato. Na san abin da maƙwabta za su ce, bar su su faɗa. A can za a fara tabbatar da cewa ba raunin kai ba ne, ba farfaɗiya ba, ba ƙarancin jini ba. Maganin da aka fi samun nasara da shi ga yara na zama ne da ƙwararre, sau ɗaya a mako na 'yan watanni, ke ma kina ciki, har yaron ya iya ba da labarin daren ba tare da jikinsa ya ɗauki rawa ba. Yawanci in barci ya daidaita, tsoro ya ragu, riƙon karatu yakan biyo baya.

Addu'a da tofi ku ci gaba, ba su hana zuwa asibiti. Ki sa mahaifinsa ko kawunsa ya sami malaman allo da na boko ya faɗa musu halin da ake ciki: a ajiye bulala, a rage masa ƙari zuwa aya biyu ko uku, a fi ba shi tilawar abin da ya riga ya sani. In za ki aike shi, abu ɗaya a lokaci guda, ki sa ya maimaita. In kuwa ya fara maganar gara ya mutu, a kai shi asibiti a ranar.