Zumunci da tarayya: amsar wasiƙun masu karatu

Wata mai karatu daga Kafanchan, ’yar Zumuntar Mata, ta tambaya: mene ne bambancin “zumunci” da “tarayya”, tunda a coci ana jin duka biyun?

Baiwar Allah, tambayarki ta yi daɗi. “Tarayya” daga “tara” take, kuma tana nufin haɗuwa a kan abu guda da kowa yake da rabo a cikinsa. Shi ya sa ake cewa gonar tarayya, ake kuma cewa Tarayyar Nijeriya. Da wannan ma’ana aka raɗa wa TEKAN suna, wato Tarayyar Ekklesiyoyin Kristi a Nijeriya. Idan masu bi suka zauna cin Jibin Ubangiji, gurasa ɗaya, ƙoƙo ɗaya, tarayya suke yi.

“Zumunci” kuwa daga “zumu” yake, ɗan’uwa ko aminin da ya zama kamar na jini. Hausawa na cewa zumu zuma ne. Amma karin maganar da ta fi fito da nauyin kalmar ita ce “zumunci a ƙafa yake”. Wato ba ya tsayawa a baki, sai an taka an je. Ki dubi abin da ƙungiyarku take yi: matan da ke ɗaura zane iri ɗaya su yi waƙa ranar Lahadi, su ne dai ke kai wa mai jego ruwan zafi da kunu, su kwana a gidan makoki, su haɗa kuɗin asibitin gwauruwa. A ganina wannan sashe na biyu shi ya ba su ikon amsa sunan. Ƙungiyar da ta tsaya ga taro da anko kawai, tarayya ce mai kyau, amma ba ta kai zumunci ba tukuna. A Matiyu sura 25 Yesu ya lissafa mayunwaci, baƙo, marar lafiya da ɗan kurkuku, kuma babu ko ɗaya cikinsu da za a iya taimaka masa daga kan bencin coci. Wasiƙar Yaƙub ma ta ce bangaskiyar da ba ta da ayyuka matacciya ce.

Wani malamin makarantar Lahadi daga Maraɗi ya ce ko “majami’a” da “ikilisiya” abu ɗaya ne?

A’a, Malam. Majami’a wuri ne, mahaɗar jama’a, kuma tushen kalmar Larabci ne. Ikilisiya daga Helenanci ta zo, tana nufin mutanen da kansu. Ana iya rushe majami’a, ikilisiya ta taru a ƙarƙashin bishiya. ’Yan EYN, wato Ekklesiyar ’Yan’uwa a Nijeriya, da aikinta ya faro a Garkida a 1923, sun ga haka da idonsu a shekarun Boko Haram.

Sai ɗalibi daga Wusasa da ya tambaya ko “alheri” na Littafi Mai Tsarki shi ne na karin maganar “alheri gadon barci”.

Kalmar ɗaya ce, amfaninta ne ya bambanta. A karin maganar, kai ka yi wa wani, kana sa ran wata rana ka kwanta a kai. A Afisawa 2:8 kuwa Allah ne ya yi wa mutum, ba don ya cancanta ba. Garinku na da hannu a wannan al’amari, domin Dokta Walter Miller, wanda mishan ɗinsa ya koma Wusasa daga birnin Zariya, shi ne jigon fassarar Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa da ta fito a 1932.