Amsa: Ta ina zan fara koyar da ɗana a gida?

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kin ce ɗanki shekararsa shida, makaranta ta yi muku nisa, kina so ki koyar da shi da kanki amma ba ki san ta inda za ki kama ba. Ni ma haka na fara da 'yata.

Fara neman manhajar firamare ta hukumar NERDC mai tsara manhajar karatu a Najeriya, ita makarantu ke bi, don ki san abin da ake so ɗan aji ɗaya ya iya. Amma kada ki mai da falonki aji. Awa ɗaya da safe bayan kari ta isa, in ya fara hamma ki sallame shi.

Karatu kuwa, da Hausa za ki fara: ba, be, bi, bo, bu. Yadda ake faɗa haka ake rubutawa, shi ya sa yaro ke saurin kamawa, Turanci ya biyo baya. Lissafi da wake muka yi shi da murafun kwalba. Sai in ba 'yata naira 200 ta sayo magi, ta dawo ta lissafa mini canji. Ranar da ta gano an rage mata naira 20, ai ba mu sha iska ba!

Maganar takardar shaidar gama sakandare, WAEC da NECO duk suna da jarrabawar 'yan waje, wadda ake zaunawa ba ta hannun makaranta ba. Wannan da sauran lokaci.

Islamiyya dai ki bar shi ya riƙa zuwa da yamma, ko don ya samu abokan wasa.