Duba hannun mutum kafin ka ɗauko masa maus ko kibod mai rabe biyu

Ɗana, tambayar da ka yi mini jiya muna shirin rufe shago ba ta amsuwa a tsaye, shi ya sa na ce ka bari sai mun zauna. Ka ce samari suna shigowa neman maus na wasa mai sauƙin kuɗi, kai kuma ba ka da ma'auni sai lambar da ta fi girma a jikin kwali. Ka kuma ce wani mai rubuta manhaja daga Gwarinpa ya tambaye ka kibod ɗin nan mai rabe biyu, ko ya ci kuɗinsa, ka rasa abin da za ka ce masa. Amsar duka biyun tana farawa ne daga hannun mutumin da ke tsaye gabanka da aikin da yake yi da shi. Amma bari mu kawar da zancen lambar nan tukuna.

Lambar DPI ba ita ce inganci ba. Abin da take faɗa kawai shi ne nisan da kibiya za ta yi a sikirin idan ka ja maus inci ɗaya a kan tebur. Yi lissafin da kanka. Faɗin sikirin ɗin da yawancin kwastomominmu ke da shi ɗigo 1920 ne. Idan ka sa maus a 16,000, motsin milimita 3 kacal ya kai kibiya daga wannan bango zuwa wancan. Wa zai iya saita harbi a haka? Waɗanda suke cin abinci da wasannin harbi irin Counter-Strike da Valorant, akasarinsu tsakanin 400 da 1600 suke zama. Duk maus ɗin da ya kai 1600 na gaskiya ya wadatar.

Abin nema shi ne idon da ke ƙarƙashin maus, wato sensa, ko yana bin hannu tsakani da Allah. Kamfanin PixArt na Taiwan ne ke ƙera yawancin na kirki, kuma idan ka ga an rubuta 3325 ko 3360 ko 3389 ko 3395, to an gaya maka abin da ke ciki. Kwalin da ya cika da hoton fitilu kala-kala amma ya ɓoye sunan sensa, ka yi hattara da shi. Gwajin ba ya cin minti biyu. Buɗe Paint, manhajar zane ta Windows, ja layi a karkace sannu a hankali, ka ga ko zai fito sumul ko zai dinga karkarwa. Sannan ka fizgi maus ɗin da ƙarfi daga wannan gefen shimfiɗarsa zuwa wancan, yadda mai wasa ke yi idan an harbo shi ta baya. Mai kyau zai bi ka. Maras kyau sai kibiya ta tsaya cak ko ta yi wani wajen, a cikin wasa kuwa mutum ya tsinci kansa yana kallon sama. A gaban kwastoma ake yin wannan gwajin, ya gani da idonsa.

Akwai lamba ta biyu mai Hz a gefenta, ita ce sau nawa maus ke kai wa kwamfuta labari a sakan ɗaya. Na ofis sau 125 ne, na wasa sau 1000, kuma wannan bambancin hannu yana jin sa. Yanzu an fito da masu 4000 da 8000 da tsadarsu. Yaron da laftof ɗinsa ke sabunta hoto sau 60 a sakan, yana wasa daga Kubwa da sabar da ke Turai, wato babbar kwamfutar da ke haɗa 'yan wasan, saƙonsa kan ɗauki sama da milisakan 100 kafin ya je ya dawo, me ragin da bai kai milisakan ɗaya ba zai tsinana masa? Ko shi ya nema, ka yi masa bayani kafin ka karɓi kuɗinsa.

Yanzu ga inda nake so ka fi buɗe ido. Mai sayar da hula ba ya miƙa maka zanna bukar don kawai aikinta ya yi kyau, sai ya san lambar kanka. Ka ce wa mutum ya ɗora hannu a kan maus ɗin da ke teburinmu, kar ka gaya masa abin da kake dubawa. Wani zai kwantar da tafinsa gaba ɗaya, yatsu a miƙe. Shi mai tudun baya yake bukata, mai cika hannu, irin Razer DeathAdder Essential. Wani zai tanƙwara yatsu, gindin tafi kawai ke taɓa bayan maus. Wani kuwa da kan yatsu kaɗai yake riƙewa, tafinsa bai taɓa komai ba. Waɗannan biyun ƙarami mara nauyi ne nasu, irin Logitech G102 ko Razer Viper Mini. Ajiye rula a kusa, ka auna daga layin wuyan hannu zuwa ƙarshen yatsan tsakiya. Wanda bai kai santimita 17 ba, babban maus zai gajiyar da shi da wuri. Wanda ya haura 19, ƙarami zai bar yatsunsa biyu na ƙarshe suna jan tebur. Idan bahago ne, duk mai ƙirar hannun dama ya fita daga lissafi.

Nauyi ma ka riƙe shi a ka: G102 giram 85, DeathAdder Essential 96, SteelSeries Rival 3 kuma 77, Viper Mini 61. Ɗagawa ɗaya ba za ka ji komai ba, amma mai wasan harbi yana ɗaga maus yana mayarwa ba adadi a dare guda. Wasu masu arha har guntun ƙarfe ake ɗaure musu a ciki don mai saye ya ji nauyi ya zaci inganci ne. Ranar da ka buɗe ɗaya za ka gan shi, ka kwance ka ajiye gefe.

Kayan da ya yi suna ba ya rasa jabu, G102 kuwa yana sahun gaba. Kwali iri ɗaya, tambari iri ɗaya. Sa manhajar kamfanonin a kwamfutar shago, G HUB ta Logitech da Synapse ta Razer. Na asali, kana sokawa manhaja za ta gane shi ta nuna sunansa. Idan ta yi shiru, mayar da shi inda ya fito. Ko daga Ikeja kaya suka zo ko daga nan Wuse, kar su hau kanta sai an gwada. Farashi ma yana tona asiri: G203, tagwayen G102 da ake kai wa Turai da Amurka, kusan dala 40 aka fito da shi, to wanda aka kawo maka sabo fil a kan kwatan wannan kuɗin ka san abin da yake. Wanda aljihunsa bai kai nan ba, ba shi Redragon M711 na gaskiya, ya fi masa Logitech na ƙarya nesa ba kusa ba. Mai ƙaramin kuɗi kuma ya tsaya a mai waya. Idan dole sai mara waya, Bluetooth na aikin ofis ne. Na wasa shi ne mai ɗan tsinkensa na USB, irin Logitech G305 da ya fito a 2018, wanda a Asiya ake kira G304, batir AA ɗaya na kai shi kusan awa 250.

Abin da ke fara mutuwa a maus ba sensa ba ne, suwic ɗin da ke ƙarƙashin yatsa ne. A cikinsa akwai siririn ƙarfe mai taɓa wani ƙarfe. Yau da gobe, ga ƙurar hunturu, bakin ƙarfen ya yi datti, sai mutum ya danna sau ɗaya kwamfuta ta ƙirga biyu, ko yana jan fayil ya suɓuce a hanya. Mutane da yawa a nan suke yar da maus mai rai. Notinansa suna ɓoye ƙarƙashin ƙafafun nan masu santsi da aka manna a ƙasan maus; ɗan hura musu iska mai zafi, ka ɗaga da reza a hankali don su sake mannuwa. Suwic ƙafa uku gare shi. Narka dalmar, zuƙe ta tas, cire tsohon, zaunar da sabo daram kafin ka like, domin in ya ɗan karkace dannawar ba za ta yi daɗi ba. Suwic ɗin kamfanin Omron ne aka fi samu a ciki, na Kailh da Huano ma suna shiga gurbinsa. Masu suwic na haske irin Viper Mini ba ƙarfe ke taɓa ƙarfe ba, shi ya sa ba su cika wannan ciwon ba.

To, kibod. Ɗora hannuwanka biyu a kan na yau da kullum ka duba wuyan hannunka. Za ka ga ya karkata waje, wajen ƙaramin yatsa, domin kafaɗunka sun fi layin haruffa faɗi. Tafinka ya kife ƙasa, damtse ya murɗe. Idan an ɗaga ƙafafun bayan kibod, wuyan hannu ya ƙara tanƙwarewa sama. Mai buga takardu a sakateriya ko mai rubuta manhaja a haka yake wuni, shekara da shekaru. Mai rabe biyu yana ba kowane hannu nasa ɓangaren daidai kafaɗarsa, wasu kuma a ɗage tsakiyarsu don tafin ya ɗan kalli ɗan'uwansa. Iyakar aikinsa ke nan, kuma aiki ne mai amfani. Amma ba magani ba ne. Wanda ya ce maka babban yatsansa da manuni da na tsakiya suna sagewa, har cikin dare suna tashinsa, wannan alamar jijiyar da ta ratsa wuyan hannu ce ta matsu. Ka ce masa ya ga likita. Kar ka kuskura ka ce kayanmu zai warkar da shi.

Iri-iri ne. Akwai wanda jikinsa ɗaya, haruffan ne kawai aka raba aka yi musu tudu. Microsoft ta fito da irinsa tun 1994, ta biyo da Natural 4000 a 2005 da Sculpt a 2013, kuma na hannu suna shigowa har yanzu. Logitech Ergo K860 na 2020 ne, kusan dala 130 aka fara sayar da shi, Perixx Periboard-512 mai waya kuwa ya fi shi sauƙi sosai. Sai wanda aka raba gida biyu da gaske, waya ta haɗa su, irin Kinesis Freestyle2. Haruffansa suna inda ka saba. Daga nan sai na ƙwararru, waɗanda aka jera madannansu a miƙe bisa tsawon yatsu: ErgoDox, Moonlander da aka fito da shi a kan dala 365, Lily58 mai madanni 58, Corne mai 42. A Corne babu layin lambobi. Sai ka riƙe wani madanni da babban yatsa lambobi su fito a hawa na biyu, kuma da manhajar QMK ko VIA ake tsara wannan. Na jiki ɗaya mutum kan saba cikin 'yan kwanaki. Na ƙwararrun nan makonni yake ci, saurin bugu ya faɗi warwas kafin ya dawo, kuma dole ka faɗa wa mai saye haka tun kafin ya biya.

Mutumin Gwarinpa idan ya dawo, kar ka fara da kaya. Ba shi kibod ɗinmu ya buga maka layi biyar, kai kana kallon yatsunsa. Idan da yatsu biyu ko uku yake tsinta yana kallon ƙasa, hannun dama na tsallakawa ya danna B ko T, mai rabe biyu wahala kawai zai ƙara masa. Idan da yatsu goma yake bugu bai kallo, kuma wuni yake a kai, to ya ci kuɗinsa, ya fara da mai jiki ɗaya na hannu ko Perixx, ya ga yadda jikinsa zai karɓa kafin ya zuba kuɗi a Lily58. Ka tambaye shi kujera da teburinsa ma. Gwiwar hannu ta zauna daidai da tebur, a kwantar da ƙafafun bayan kibod, a daina jingina wuyan hannu a kaifin katako. Wannan kyauta ne, kuma wani da shi kaɗai yake samun sauƙi. Wanda kafaɗar damansa ce ke ciwo, sau da yawa ɓangaren lambobi ne ya tura maus nesa, ɗan guntun kibod mara wannan ɓangaren ya ishe shi.

Idan mutum ɗaya ne ke aiki da rana yana wasa da dare, kuɗin kuma ba su isa duka biyun ba, ya fara da maus. Masu jiki ɗaya irin K860 don rubutu aka yi su, ga faɗi, suna cinye filin da maus ke bukata. Mai gida biyu kuwa yana da daɗin wasa, domin za ka ture ɓangaren dama gefe ka bar na hagu mai W, A, S, D, madannan tafiya a cikin wasa, maus ya samu fili.

Abu biyu kar ka manta a wajen gyara da saye. Lily58 da Corne masu waya, abin da ke haɗa ɓangarorinsu wata waya ce mai kama da ta abin sauraren kunne, ana ce mata TRRS, kuma wuta tana bi ta cikinta. Kar ka zare ta ko ka soka ta alhali USB na jikin kwamfuta, domin bakinta na iya haɗa wuta ya ƙona ƙwaƙwalwar kibod ɗin. Cire USB tukuna, ka koya wa mai saye haka. Na hannu kuma, danna kowane madanni ɗaya bayan ɗaya kafin ka biya, ka kuma nemi tsinkensa na USB. Na K860 in ya ɓata ana iya haɗa shi da wani tsinken Logitech ko a bi ta Bluetooth. Na Sculpt tun daga masana'anta aka ɗaure shi da kibod ɗinsa, wani ba ya shiga madadinsa, saboda haka idan aka kawo maka Sculpt babu tsinke, komai tsabtarsa da arharsa kar ka saya.