Tambaya da Amsa: Wai bargo zai hana ƙanƙara narkewa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, sannu da ƙoƙari. Yarona ne ɗan aji biyar a firamare aka ba su aikin gida wai su gwada su gano wane abu ne ya fi tare zafi, shine ya ce shi da ƙanƙara zai yi nasa, zai naɗe ta a bargo. Na ce masa kai bargon da muke shiga don mu ji ɗumi ai nan da nan zai narkar da ita, ya kafe shi ba haka malaminsu ya ce ba, muka yi ta musu har babansu ya dawo ya ce ba ruwansa. Don Allah a raba mana gardama, kuma ya za a yi gwajin bai ƙona min kansa da ruwan zafi ba? Daga wata uwa a Gusau.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. Sai dai ki yi haƙuri, yau kam yaron ne da gaskiya. Bargo ba shi da wani zafi na kansa, ki taɓa wanda ya kwana a ninke cikin sif ki ji. Ɗumin da kike ji in kin shige shi da hunturu na jikinki ne, shi aikinsa kawai ya tare kar ya fice. Toh abin da ya hana zafi fita shi zai hana shi shiga, kinga ƙanƙarar da ke ciki zafin ɗaki ba zai kai gare ta da wuri ba. Baki lura da masu sayar da ƙanƙara da azumi ba, yadda suke binne ta a garin katako su rufa buhu a kai, rana na dukansu amma ita tana nan daram?

Sirrin duk iska ce. Iskar da ta maƙale tsakanin zaren bargo ko cikin garin katako ba ta motsi, ita kuwa iska in tana tsaye wuri ɗaya malalaciya ce wajen ɗaukar zafi, alminiyon da ake tukunya da shi ya fi ta saurin wuce da zafi fiye da sau 8,000. Kular abincinki ma haka take, soso ne mai cike da iska tsakanin bangon ciki da na waje. Fulas ɗin shayi ya wuce nan, shi iskar ma zuƙe ta aka yi daga tsakanin bangayen biyu, dabarar da wani masani ɗan Sikotland James Dewar ya fito da ita a 1892.

Gwajin kuma ba sai an ɗora ruwa a wuta ba. Ki samo masa fiya wata guda biyar da suka daskare sosai a firiza ɗaya, tunda girmansu ɗaya ne an huta da awo. Kowanne ya saka shi a wata ledar ya ƙulle, wannan kar a yi wasa da shi, don in bargon ya jiƙe aiki ya ɓaci, ruwa ya fi iska jan zafi fiye da sau 20. Sai ya naɗe ɗaya a bargo, ɗaya a tsofaffin jaridu da aka cukuikuye, ɗaya ya tura cikin kwanon garin katako (kafinta zai ba shi kyauta), ɗaya a takardar alminiyo mai sheƙin nan ta naɗe kaza. Na biyar ya bar shi tsirara a faranti, da shi za a gane ko sauran sun yi wani aiki. Duk a ajiye su a inuwa wuri ɗaya, nesa da fanka, kuma ki hana ƙannensa buɗewa, don na san sai sun ce za su leƙa.

Bayan awa biyu ya yanke bakin kowace leda ya tsiyaye ruwan da ya narke a fidar jariri, ai tana da layukan awo a jiki, ya rubuta adadin a littafinsa. Wanda ruwansa ya fi kaɗan shi ya ci. Amma tun kafin a fara ki sa kowa a gidan ya faɗi wanda yake zaton zai ci a rubuta, har babansu da ya ce ba ruwansa. Ni dai ina zaton mai sheƙin nan zai ba mutane kunya in an manna shi da ledar, ƙarfe ne, babu iska a tsakani.

In malamin ya dage sai da ruwan zafi, ke za ki zuba da hannunki a gwangwanayen madara masu girma ɗaya, mai ɗumi ya isa ba sai tafasasshe ba. Kuma kar a tsoma abin awon zazzaɓi na gilas a ciki, iyakarsa digiri 42, in ruwan ya fi haka zafi zai iya fashewa.