Ƙari a jiki: me ya sa ba a tabbatar da irinsa kafin tiyata?

Likita, an yi wa mahaifiyata hoton CT an ga ƙari a cikinta, amma an ce sai an gutsuro nama kafin a san ko daji ne. To ina amfanin hoton?

Allah ya ba Mama lafiya. Hoto yana nuna girman ƙarin, inda ya zauna, ko ya manne da babbar jijiyar jini, da ko ya taɓa hanta. Abin da ba ya iya faɗa shi ne irin ƙwayoyin halittar da ke ciki. Tarin fuka na ciki, da tarin mugunya, da daji, duk suna iya kama da juna a hoto, alhali maganinsu ya sha bamban. Hoton ne kuma zai nuna inda za a soka allurar ɗaukar naman. In tana shan maganin tsinka jini irin warfarin, ku faɗa tun kafin ranar.

An zuƙi ƙullutun da ke maƙogwarona da allura, sakamako ya ce ba a tabbatar ba, yanzu ana so a cire rabin halittar maƙoƙon. Ba ganganci ba ne?

Ba ganganci ba ne, Malama. Siririyar allura ƙwayoyin halitta kawai take zuƙowa, warwatse, kamar a ba ki ƙasa cikin cokali a ce ki faɗi fasalin ginin da ta fito. Akwai wani ƙari na maƙoƙo da ake kira folikula: mai illa da marar illa ƙwayoyinsu iri ɗaya ne a madubin likita. Bambancin yana a tantanin da ya lulluɓe ƙarin, ya huda shi ko ya kutsa jijiyar jini, ko kuwa bai yi ba. Wannan ba ya ganuwa sai an ciro ƙarin ɗungurungum an yayyanka tantanin. Tsarin Bethesda da ake rubuta irin wannan sakamako da shi mataki 6 ne, ki duba takardarki. Mataki na 1 yana nufin abin da aka zuƙo bai isa ba, maimaitawa ake yi. A na 4 ne aka fi ba da shawarar cire rabin.

Wani abin kuma, tsakiyar babban ƙari sau da yawa mataccen nama ne. Allurar da ta faɗa can ba ta ɗauko komai, shi ya sa na fi son a soka ana kallo da na'urar sikanin.

Gwajin CA-125 na matata ya kai 80, kuma tana da ƙari a ƙwan mahaifa. Daji ne ke nan? Me ya hana a soka allura?

CA-125 wani sinadari ne da ake aunawa a jini. Ana ɗaukar ƙasa da 35 a matsayin daidai, amma haila, juna biyu da ƙarin mahaifa na fibroid duk suna ɗaga shi, musamman ga wadda ba ta daina al'ada ba. Wasu masu dajin ma nasu ba ya tashi a farkon ciwon. Allura kuwa ana gudunta ne don in ƙarin ya fashe, ruwansa zai iya watsa dajin cikin ciki. A ciro shi bai fashe ba ya fi.

Likita, a ɗakin tiyata an ce ƙarin da aka cire mini ba daji ba ne, bayan kwana 10 aka ce daji ne. Wanne sakamakon zan bi?

Na farkon gwajin gaggawa ne: a daskarar da ɗan yanki, a duba cikin minti 20 ko makamancin haka, kuma sanyin kan ɓata siffar ƙwayoyin. Na biyun an jiƙa naman cikin fomalin, ruwan magani mai hana nama ruɓewa, an yanka wurare da dama, an rina. Shi ake bi, da shi za ka koma wa likitan tiyatarka a tsara mataki na gaba.