Ganyen takobin Amazon yana ruɓewa a tankina: in tumɓuke shukar?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sayi shukar nan da ake kira takobin Amazon, na dasa a tankin kifina na gilashi mai cin lita 100. Tsakuwa ce zalla a ƙasan tankin, fitilar kuma wani lokaci a kunne take kwana. Yau sati biyu ke nan, manyan ganyayen sun koma rawaya, wasu har sun yi shara-shara suna ruɓewa. Na ɗiga takin ruwa, ban ga canji ba. In tumɓuke ta in sayo wata?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Dakata tukuna. Sa hannu ka latsa gindinta, wurin da ganyaye suka haɗu da saiwa. In da ƙwari, saiwoyin kuma farare ne, tana nan da ranta. In gindin ya yi laushi yana wari, wannan kam sai haƙuri.

Abin da kake gani yakan faru da yawancin sabbin dashe. Masu rainon wannan shuka don sayarwa ba kasafai suke nutsar da ita a ruwa ba. Saiwar ce kawai take jiƙe, ganyen yana sama cikin iska mai laima, domin a haka ta fi saurin girma, gansakuka kuma ba ta kama ta. Ita ma haka ta saba a daji: danginta, waɗanda masana ke kira Echinodorus, 'yan fadama da bakin kogi ne a Amurka ta Kudu da ta Tsakiya, inda ruwa kan shanye su, ya kuma janye ya bar su a fili. Saboda haka ganye iri biyu take yi. Na iska yana da kauri da faɗi a kan dogon kara, na ruwa kuwa siriri ne, dogo, mai kama da takobi. Da ka nutsar da ita, na iskan ba su da sauran aiki, sai ta janye abincin da ke cikinsu ta bar su su mutu. Duba tsakiyar gindin da kyau, wataƙila ma sabbin sun fara leƙowa. Waɗanda suka ruɓe ka yanke su da almakashi daga tushe don kada su ɓata ruwan, masu sauran kore ka ƙyale su. Kuma kada ka riƙa canja mata wuri, domin duk tumɓukewa tana mayar da saiwar baya.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarka shi ne tsakuwar nan zalla. Takobin Amazon ta saiwa ta fi ci, ga ta da ci sosai. Takin ruwa da ka ɗiga yana da amfaninsa, amma shi kaɗai da wuya ya riƙe ta a tsakuwar da babu komai a cikinta. Ba sai ka kwashe tankin ba. Nemi ƙwayoyin takin saiwa da aka yi musamman don tankin kifi, ka cusa ɗaya ko biyu can ƙasa, ɗan nesa kaɗan da gindin, ka sabunta bayan wata 2 zuwa 3 ko yadda aka rubuta a jikin kwalin. Takin gona ko na fulawar tukunya kada ya shiga tankin, domin yakan saki amoniya, ita kuwa guba ce ga kifi. Zurfin tsakuwar ya kai santimita 6 zuwa 8. Saiwa kaɗai ake binnewa, gindin ya zauna daidai da saman tsakuwa. Shukar da aka binne wa gindi ruɓewa take yi komai yawan takin da aka ba ta. In kuma ba ka cire 'yar tukunyar roba da audugar da aka naɗe saiwar da ita ba, wannan ne kaɗai dalilin da zan yarda ka ɗago ta sau ɗaya.

Bayan ta kama, ganyen ne zai riƙa gaya maka abin da ta rasa. Sabon ganye ya fito fari-fari ko rawaya, ƙarancin sinadarin ƙarfe ne, kuma wannan shi ne ciwon da ya fi kama ta. Tsofaffi su fara rawaya alhali sabbi suna kore, galibi naitirojin ne ya yi ƙasa. Ƙananan huji kamar na allura a tsohon ganye, fotasiyam. Dalilin bambancin shi ne shuka tana iya ɗauko naitirojin da fotasiyam daga tsohon ganye ta kai wa sabo, amma ba ta iya yin haka da ƙarfe.

Fitila kuwa, daina barin ta ta kwana. Awa 8 zuwa 10 a rana sun wadatar, kuma matsakaicin haske ya ishe ta. Abin da ya wuce haka gansakuka kake kiwo, wadda za ta lulluɓe faffaɗan ganyen nan. Ɗumin ruwa digiri 22 zuwa 28, ma'aunin tsamin ruwa, wato pH, tsakanin 6.5 da 7.5. Na'urar zuba iskar kabon tana ƙara mata sauri, amma ba dole ba ce.

Ba ka faɗi irin kifayenka ba. Kifin gwal yana cizgar ganye, manyan dangin karfasa suna tone saiwa, fuleko kuma, wancan mai manne wa gilashi da baki, yakan kankare ganyen har ya zama kamar raga. In kana da ɗaya daga cikinsu, ka zarge shi kafin ka zargi taki.

Ka kuma yi mata tanadin wuri tun yanzu. Takan kai tsayin santimita 40 zuwa 50, ta baje ta yi wa ƙananan shuke-shuke inuwa, don haka can baya a cikin tanki ne mazauninta, kuma guda ɗaya ta ishi lita 100. In ta ji daɗi za ta fitar da wani dogon kara mai 'ya'ya a gaɓoɓinsa. Bar su a jiki har kowanne ya yi ganye huɗu ko biyar da saiwarsa, sannan ka yanke ka dasa.